Ranar da Kawu Ya Cire Hula

Wata bakwai ke nan ina juya wannan rubutu a raina. Sau uku ina farawa ina yagawa. Da farko na ga kamar zan tona abin da mamaci ya zaɓi ya rufe. Daga baya tsoro ya kama ni kada in yi ƙari ko ragi a maganarsa, a tambaye ni ranar gobe. Ga kuma kunyar rubutun kansa, don ni a aji shida na tsaya. Na je na tambayi limamin unguwarmu ko ya halatta mutum ya bayyana laifin kansa idan hakan zai wanke wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ya ce ya halatta. Bayan sati biyu na koma na sake tambayarsa, ko ban faɗa masa daidai ba a karon farko. Ya dube ni ya ce, "Amsar ba ta canja ba. Je ka rubuta."

Wanda nake wa ta'aziyya Kawuna ne, wan mahaifiyata, tela a bakin kasuwar Kibiya, wanda ya riƙe ƙungiyar ƙwallon unguwarmu shekara da shekaru. Allah ya karɓi ransa a cikin damina bayan doguwar jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

A zaman makoki ni ne mai shimfiɗa tabarmi da cika butoci, saboda haka kusan duk abin da aka faɗa a kunnena aka faɗe shi. An zo daga Durba, an zo daga Kahu, har daga Zinyau wasu sun hawo babura. Wani ya ce Kawu bai taɓa sa shi ya yi Sallah da tsohuwar riga ba. Wani ya ce in ka kai masa yadi, ko ƙyallen da bai kai tafin hannu ba ne ya rage, sai ya naɗe maka shi a aljihun rigar. Aka yi addu'a aka shafa. Can sai wani dattijo daga Kahu ya karkato wajen na kusa da shi.

"Wai ba shi ne Malam Mayar-baya ba?"

"Shi ne."

"Wanda ya tuɓe hula a filin Rano?"

"Shi ne fa. Ranar ruɗewa ya yi, bawan Allah. Mutumin kirki ne, amma tsoro ya yi masa yawa."

Suka ɗan murmusa irin murmushin da ake yi a gidan mutuwa, suka ce Allah ya gafarta masa. Ina tsaye da buta a hannu har ruwa ya zube mini a ƙafa. Shekara kusan ashirin ke nan da abin ya faru, amma da shi ake tuna Kawu: matsoracin kocin da ya ruɗe ya tsaya kai babu hula a gaban jama'a. Ni kuwa na san ba ruɗewa ya yi ba. Na san dalilin da ya cire hular, don ni ya cire wa ita.

Sai na fara bayanin hular. Kube ce mai ruwan ƙasa, bakinta ya koɗe saboda wanki. Tun da na yi wayo har zuwa ranar Rano ban taɓa ganin tsakar kan Kawu ba. A bazara, shago ya yi zafi kamar tanda, zai cire riga ya zauna da singileti a kan keken ɗinki, amma hula na nan. Ko wajen alwala ɗaga ta yake da hannun hagu, ya shafa, ya mayar kafin ka ƙifta ido. Yana cewa dattijo ba ya tsayawa a gaban mutane da kai a buɗe, kuma ba ya ɗaga murya. Shi ya sa ko a bakin fili ba ya ihu. Bayan la'asar zai iso a kan kekensa, ƙwallo da famfo a cikin buhu a baya, ya zauna a kan wani dutse ya harɗe hannu. Bai taɓa cewa ƙwallo ba, sai tamaula.

Koyarwarsa ba ta da yawa. "In tamaula tana ƙafarka, babu mai cinka." "Ka ba wanda ka gani, kada ka ba wanda kake fata." In hanya ta toshe a gaba kuwa, "Mayar baya, a sake ginawa." Daga nan sunan ya samo asali. Sai mu yi ta zagaya ƙwallo a tsakaninmu, daga ɗan baya zuwa ɗan tsakiya, daga ɗan tsakiya ta koma wa gola, har abokan wasa su gaji da binta. Ba a cika cinmu ba. Mu ma ba mu cika ci ba.

Shi ya hana a rufe filin ma, ko da yake mutane sun manta. Lokacin da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wasu dattawan unguwa suka ce a daina ƙwallo, samari suna fitar da cinyoyi waje kuma suna wasa da magariba. Kawu bai yi musu da kowa ba. Ya kwana biyar yana harhaɗa ragowar yadi, ya ɗinka mana wanduna har ƙasan gwiwa, ya kuma kafa doka cewa da ladan ya taɓa lasifika wasa ya ƙare, ko ƙwallo tana kan layin raga. Ya gayyato dattawan suka zo suka gani. Ƙungiyoyin wasu garuruwa suna kiranmu 'yan buje, amma filin ya zauna.

Ni ya ba kyaftin, kuma har yau ina mamaki. Ni mutum ne mai waswasi tun ina ƙarami. Ina iya yin alwala sau uku, in kulle ƙofa in dawo daga nesa in taɓa kwaɗon. Yara suna tsokanata, babanmu yana faɗa. Kawu ne kaɗai ya ga amfanin abin. Ya ajiye ni a tsakiyar fili ya ce, "Kai ba ka yar da abu. Duk tamaula ta biyo ta wajenka." A nan ne kawai a duniya na taɓa jin cewa halina ba ciwo ba ne.

Wanda bai yarda da wannan salo ba shi ne yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Direba ne, yana jigila tsakanin Rano da Kano, kuma a birni ya saba shiga gidan kallo yana ganin wasan Turawa. Wata ranar kasuwa ya zo shagon Kawu, ina zaune ina sa maɓalli. Ya gaishe shi a durƙushe kamar yadda ya saba, sannan ya miƙe ya jingina da ƙofa.

"Kawu, mutane sun daina zuwa kallo. Wasa biyar, ci ɗaya."

"Nawa aka ci mu?"

"Biyu."

"To."

"To me, Kawu? Ai ba a ba mutum kofi don ba a ci shi ba. Ƙwallo daga wannan ƙafa zuwa waccan kamar mata na miƙa wa juna jariri ranar suna."

Kawu bai tsayar da keke ba. Ya ce, "Kai a zaune kake wuni. Waɗannan tun asuba suna duƙe a gona. In na ce su yi ta gudu, kafin hutun rabin lokaci sun ƙare, a zuba musu biyar. Gara tamaula ta yi gudun."

"Ni in na lafe a bayan tirela ina jira, sai rana ta faɗi ban wuce Bunkure ba. Dole wani lokaci mutum ya fito ya wuce."

"Ana wucewa. Sai an hango gaba."

"Kai yaushe za ka hango?"

Nan Kawu ya ɗaga ƙafa daga keke. Ya ciji zare ya ce da ni in miƙo masa almakashi. Yaya ya fita ba sallama.

A shekarar ne, ana shirin zaɓe, wani ɗan takara ya sa kofi tsakanin ƙungiyoyin Rano da Kibiya. Muka yi canjaras biyu babu ci. Wasa na uku da wata ƙungiya ta cikin Rano, a filinsu, kuma lissafin a fili yake: su canjaras ya ishe su, mu sai mun ci. Manyan ƙungiyarmu, da Yaya a cikinsu, suka yanke cewa in muka fita daga gasar Kawu zai sauka.

Ranar wasan da hantsi Kawu ya aika a kira ni shago, ni da golanmu, ɗan gwaggona da ke Durba. Ya tura ƙofa.

"Yaran Rano suna da gudu, amma ba su da haƙuri. Za mu riƙe tamaula su yi ta binta har ƙafafunsu su yi nauyi. In saura kwata, zan sake ku. Kowa gaba, har 'yan baya. Kai kuma ka daina ba na kusa, ka jefa ta bayansu."

Na ce, "Kawu, in suka juyo mana fa?"

"Sai su ci mu. Da a ci mu da canjaras duk ɗaya ne yau."

Ban taɓa jin irin wannan daga bakinsa ba. Ɗan gwaggona ya ce me zai hana a gaya wa sauran. Kawu ya ce in suka sani, tun minti goma za su fara zumuɗi su watse. Ni zan ba da umarni a fili, gola kuma ya turo 'yan baya.

Na ce, "Ta yaya zan san lokaci ya yi? Ka san ba a jin muryarka."

"Zan cire hulata."

Muka dubi juna ni da ɗan gwaggona. Na ce, "A gaban jama'a?"

"Na san ka. In na ɗaga hannu za ka ce ko ƙuda nake kora. In na miƙe tsaye za ka ce ko ƙafata ce ta yi sanyi. Na zaɓi abin da ba za ka yi kokwanto a kansa ba."

Wasa ya tafi yadda ya faɗa. Muka riƙe ƙwallo, 'yan kallo suna ta yi mana ihun 'yan buje, har mutanenmu da suka biyo mu a motar Yaya suna cewa a buga gaba. Bayan hutu na ga 'yan Rano sun fara dafa gwiwa. Ɗan bayansu na hagu ko juyawa ba ya iya yi da sauri. Rana ta yi ƙasa, ta kusa taɓa duwatsu. Ƙwallo ta zo ƙafata a tsakiya, na ɗaga kai na dubi bakin fili.

Kawu yana tsaye, hula a hannunsa na dama. Kansa fari fat da furfura, da sanƙo a tsakiya wanda ban san yana da shi ba. Idonsa a kaina.

Na gani. Wannan ita ce maganar da na kasa faɗa shekara da shekaru. Na gani sarai, kuma na ga ɗan gabanmu ya zame ta bayan ɗan bayan nan, ya ɗaga hannu, babu kowa tsakaninsa da gola. Amma sai zuciyata ta ce, in ka jefa ta ba ta isa ba fa? In suka tare suka juyo suka ci, kowa zai ce kyaftin ne ya yar. Na ce bari in ƙara taɓawa ɗaya tukuna, in daidaita. Na mayar wa ɗan baya. Ta dawo mini, na sake cewa bari in ƙara ɗaya. Ina jin ɗan gwaggona daga raga yana kiran sunana yana cewa su fita, su fita, amma 'yan baya ni suke kallo, ni kuwa ban ɗaga musu hannu ba. Ban sake duban bakin fili ba. Daga baya na ji cewa kwata guda Kawu yana tsaye a haka, mutane suna nuna shi suna dariya, ni ina zagaya ƙwallo. Alƙali ya busa. Babu ci.

A mota ɗan gwaggona ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ba ka gani ba ne?" Na ce rana ce ta haske mini ido. Ya dube ni, ya kawar da kai.

Washegari bayan la'asar aka zauna a gindin dalbejiyar bakin fili. Yaya ya yi magana mai tsawo. Ya ce ana buƙatar ci amma ko sau ɗaya ba a gwada ba, ya ce har tsoho ya ruɗe ya tuɓe hula ya ja mana abin faɗa a Rano. Aka tambayi Kawu ko yana da ta cewa. Ina zaune daf da shi. Da ya ce ya ba da umarni ba a bi ba, da shi ke nan. Ɗan gwaggona ya buɗe baki, Kawu ya ɗan ɗaga masa yatsa, sai ya rufe bakin.

Kawu ya ce, "Yaran sun yi abin da na koya musu."

Ya kwance buhun daga bayan keke, ya ajiye ƙwallo da famfo da usur a gaban Yaya, ya hau ya tafi. Bai sake taka filin ba.

Don kada in zalunci Yaya, dole in faɗi cewa da ya karɓa mutane sun dawo kallo. Akwai ranar da muka ci huɗu aka ci mu uku, aka ɗauki ɗan gabanmu a kafaɗa har kasuwa. Akwai kuma ranar da aka zuba mana shida, kamar yadda Kawu ya faɗa. Bayan damina biyu samari suka watse, wasu acaɓa a Kano, wasu Kudu, ƙungiya ta mutu. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya a cikinsu ba, kuma ba wannan ne ya sa ni rubutu ba. Abin da na sani shi ne tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa Yaya da Kawu. Mahaifiyarmu ta rasu tana roƙon su zauna su ci tuwo a kwano ɗaya, ba su zauna ba.

Ni kuwa Kawu bai canja mini fuska ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo. Shi ya ɗinka mini kayan angwanci. Shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. In yara suka bi shi a hanya suna cewa Mayar-baya, sai ya ce, "Allah ya shirye ku," ya ci gaba da tuƙa kekensa. Sau da yawa na tashi daga gida da niyyar in faɗa masa, in isa shago in tarar da mutane, in ce gobe. In na tarar babu kowa kuma sai in ce yau yana cikin nishaɗi, kada in ɓata masa.

Kwana tara kafin rasuwarsa na je duba shi da hantsi. Yana kwance a zaure, ya rame ƙwarai, hula na kansa. Muka gaisa, ya lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya ce, ba tare da ya buɗe ido ba, "Ranar nan a Rano, na ji iska a tsakar kaina. Ashe haka kuke ji ku masu yawo ba hula."

Ya ɗan yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ƙofa ce ya buɗe mini, na sani. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawu, ka sha maganin safe?" Ya ce ya sha. Na gyara masa matashi na fito.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun ragu, na ja Yaya gefe na faɗa masa komai. Ya saurare ni har ƙarshe, yana wasa da makullin mota.

"Ka gama?"

"Na gama, Yaya."

"Kai dai ba ka rabuwa da ɗora wa kanka laifi. In akuya ta mutu a Durba sai ka ce kai ne ba ka gaishe ta ba. Kawu ya ce a kai hari? Kawun da na sani?"

"Wallahi ya faɗa."

"Kada ka yi rantsuwa a kan abin da tausayi ya ƙulla maka. Allah ya jiƙansa, a bar maganar."

Amma na ga hannunsa ya daina wasa da makullin. Ina jin ba ya so ya yarda ne, don in ya yarda, shekara ashirin ɗin nan sai sun dawo masa ɗaya bayan ɗaya. Halina kuma ya ba shi hanyar kuɓuta, don kowa ya san ni da ƙirƙiro wa kaina laifi. Shaidata ni kaɗai ba ta isa ba.

Mu uku ne a shagon ranar da Kawu ya tsara maganar cire hular. Ɗaya yana kabari. Ɗan gwaggona kuwa ya bi motocin shanu zuwa Kudu shekaru da dama da suka wuce, gwaggo ta rasu, labarinsa ya yanke. An ce an gan shi a wata kasuwar dabbobi wajen Fatakwal, wani kuma ya ce Legas. Dogo ne, baƙi, ɗan yatsansa na hagu a karkace yake tun da ƙwallo ta karya shi. In ana hira ba ya minti biyar bai ce shi gola ba ne a da.

Saboda haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa, in ya san inda wannan bawan Allah yake, ko yana raye ko ya rasu, ya taimaka ya aiko da saƙo ta hannun direbobin tashar Kibiya, a ce a kai wa ɗan ƙanwar marigayi tela. Haka kuma akwai wani mai hoto da ya yi ta ɗauka a bakin fili ranar, ban san sunansa ba. In hoton yana wajen wani, ina so a duba a gani ko Kawu ya yi kama da wanda ya ruɗe, ko kuwa wani yake kallo a tsakiyar fili. In kuma akwai wanda Kawu ya taɓa yi wa maganar nan a shago ko a masallaci, ko da kalma ɗaya ce, ko mai daɗi ko marar daɗi a kaina, ina so in ji.

Da aka raba kayansa, matarsa ta aiko mini da hular a cikin leda. Ta ce shi ya ce a ba ni, bai faɗi dalili ba. Tana rataye a ƙusa a ɗakina. Na gwada ta sau ɗaya, ta yi mini daidai, na cire. Ba zan sa ta in fita ba sai ranar da mutum ɗaya ya tsaya a gaban Yaya ya ce masa Kawu ya hango gaba, ya kuma ce a wuce, wanda ke riƙe da tamaula ne ya ƙi fitowa.

Allah ya gafarta wa Kawu, ya haskaka kabarinsa. Ni ma ku sa ni a addu'a.